Sacewar huhu bayan aiki: me lambobin rajista ke kamawa?

Ma'aikaciyar sashen bayanai: Salamu alaikum. An ba ni aikin tace rajistar sallama ta shekara guda, in fito da waɗanda huhunsu ya sace, wato iska ta taru a ƙirji ta danne shi, a sanadin aikin da aka yi musu a asibiti. Da lamba J95.811, wato lambar wannan matsala a ICD-10-CM (tsarin ba cututtuka lamba), nake nema, kamar yadda PSI 06, ma'aunin yawan wannan matsala na AHRQ (hukumar binciken ingancin kiwon lafiya ta Amurka), yake yi. Abin da na samu ya yi kaɗan ƙwarai, har hankalina bai kwanta ba. Wa ya taɓa yin irin wannan?

Ma'aikacin jinya, ɗakin kulawa ta musamman: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kina da gaskiya. Na tsaya a kan wani dattijo da aka sa wa roba a babbar jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya. Bayan kamar awa biyu numfashinsa ya fara sama-sama, hoton ƙirji ya nuna iska ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, aka sa masa bututu. Duk na rubuta a takardar jinya. Da na ga takardar sallama, sacewar huhun tana nan amma ba a faɗi sanadi ba. Mai sa lamba kuwa da rubutun likita yake aiki, nawa ba ya isa. Abin ya daɗe yana damuna, domin a idon rajista kamar haka kawai ta same shi.

Likita: Ni akasin haka na gani. Mun buɗe fayilolin da lamba ta nuna, sai ga wata mata da aka turo mana daga wani asibitin da huhunta a sace, an manta ba a sa alamar cewa da matsalar ta zo ba, aka ɗora mana. Ki kuma lura, ma'aunin ba ya ƙirga masu raunin ƙirji da waɗanda aka yi wa tiyatar ƙirji.

Ma'aikaciyar sashen bayanai: To Likita, ta ina zan kamo waɗanda suka kuɓuce?

Likita: Ki nemo duk wanda aka sa wa bututun ƙirji jim kaɗan bayan robar jijiya ko zuƙe ruwa daga ƙirji, ki haɗa da rahoton hoto. Ki turo min jerin, mu buɗe fayilolin tare.