An Sayar Da Gidan Muna Ciki

Ɗan Hayan Naibawa: Assalamu alaikum. Jama'a ku taya ni ji, wallahi raina a ɓace yake. Mai gidan da muke haya ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki. Magada suka tashi rabon gado suka sa gidan a kasuwa, ko sallama babu. Tun daga nan dillali ke sintiri da baƙin fuska, da rana tsaka ina kasuwa, iyalina na tsakar gida tana wanke-wanke, sai dai ta ji an ce "a gyara, za a shigo." Har uwar ɗaka suke leƙawa, wannan ya ƙwanƙwasa bango, wancan ya ɗauki hoton silin da waya. Jiya aka kira ni wai an sayar da gidanmu, wanda ya saya ya ba ni wata ɗaya in kwashe komatsaina. Ga rasit a hannuna, kuɗin shekara na biya, ko rabi ban ci ba. Ina zan kai yara ana tsakiyar zangon karatu?

Alhaji Mai Gidaje: Wa'alaikumus salam. Allah Ya kawo mafita. Amma malam, "gidanmu" ka ce? Bulo nawa ka ɗora a ciki? Wannan maganar ce ta sa mutane da yawa suka gwammace su kulle gidajensu da su zuba 'yan haya.

Uwar Marayu: Haba Alhaji! Mutum ya zo da kuka, kai kalma ka gani? Inda ka haifi 'ya'yanka, ka yi suna, ka yi zaman makoki, ai gidanku ne ko ba kai ka gina ba.

Alhaji Mai Gidaje: Hajiya, kotu ba ta san zaman makoki ba, takarda ta sani. Yau ya ce gidanmu, gobe ya ce ya sa tayil, jibi ya nemi kaso a gado.

Tela Na Kurna: To ɗan haya ya ce me? "Zan koma gidan wani in kwanta"? Ku masu gidaje har bakinmu kuke so ku karɓi haya a kansa.

'Yar Lauya: Don Allah ku saurara. Sayarwa ba ta kashe haya. Wanda ya saya ya gaji yarjejeniyar da ya tarar, shi ne sabon mai gida, ba wai ɗan haya ya zama baƙo ba. In babu wata rubutacciyar yarjejeniya da ta ce akasin haka, mai biyan shekara ana ba shi notis na wata 6, mai biyan wata-wata kuma wata 1. Bayan wa'adi ya cika sai a ƙara masa takardar kwana 7, sannan a je kotu. Haka yake a dokar haya ta Legas ta 2011, haka yake a Abuja, jihohi da yawa ma kan wannan tsarin suke. Cire rufi ko fitar da kaya da ƙarfi kuwa laifi ne.

Alhaji Mai Gidaje: Nan Kano ne, ba Legas ba, ɗiyata.

Malam Na Zaure: To a bar Legas, a zo littafi. A mazhabarmu ta Malikiyya ciniki ya inganta, ijara kuma, wato haya, ba ta warware ba, ɗan haya zai cika kwanakinsa. In an ɓoye wa mai saye cewa akwai mutane a ciki, yana da zaɓi, ya karɓa ko ya fasa.

Tela Na Kurna: Allah gafarta malam, ba ɗan haya ya kamata a fara yi wa tayi ba? Na ji ana cewa shufa'a.

Malam Na Zaure: Shufa'a, wato haƙƙin riga kowa saye, ta abokin tarayya ce a abin da ba a raba ba. A wajen Malik ko maƙwabci ba shi da ita, Hanafawa ne suka ba maƙwabci. Ɗan haya ba ya ciki. Amma a fara yi masa tayi, wannan mutunci ne.

Alhaji Mai Gidaje: Kun ji ko? Malam ma ya ce ba gidansa ba ne.

Uwar Marayu: Rabin maganar malam ka ɗauka, ka bar rabin da bai yi maka daɗi ba. Ni dai dillalai nake zargi. Su ke ce wa mai saye "babu matsala, sati biyu za su tashi," don la'ada ta faɗo aljihu.

Dillalin Hotoro: Hajiya ki iya bakinki. Gida da mutane a ciki ba ya kuɗi kamar wanda babu kowa, kowa ya sani. Mu ke shan zagi wajen magada, mu sha wajen ɗan haya. Wani ma in ka kawo mai saye sai ya fara nuna masa inda ke yoyo don ciniki ya lalace.

Tela Na Kurna: Gaskiya ya faɗa masa, laifi ne? Ku da ke karɓar la'ada hannu biyu, wajen mai saye da mai sayarwa.

Dillalin Hotoro: Kai da ka riƙe min ɗinkin sallah har bayan sallah, kai za ka yi min wa'azin amana?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka cimma: gida na mai shi ne, magada na da ikon sayar da abinsu, malam ya tabbatar ɗan haya ba shi da shufa'a, kuma a daina cewa "gidanmu." Ɗan'uwa ya je ya roƙi wanda ya saya cikin ladabi ko zai ƙara masa kwanaki. An rufe.

'Yar Lauya: Ranka ya daɗe, ba roƙo ba ne, haƙƙinsa ne, kuma ka tsallake wata 6 ɗin gaba ɗaya. Yayana na Naibawa, ka yi hoton rasit ɗinka ka adana, kada ka sa hannu a wata takarda, kada ka ba kowa ko sisi sai an nuna maka shaidar ciniki. Gobe ka ɗauki mai unguwa ku je wajen babban magajin, a rubuta ranar da kuɗinka zai ƙare, sannan a tsayar da lokacin da za a riƙa shiga gidan, kana nan.