Neman shawara: tare muka fara shiri da aminiyata, amma ni an ɗage mini tiyata

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekarata 38, ina zaune a Unguwar Rimi, kuma na daɗe ina fama da ƙiba da ciwon suga, har likita ya auna BMI ɗina, wato ma'aunin nauyin mutum gwargwadon tsawonsa, ya ce ya kai 42, ya ba ni shawarar tiyatar rage tumbi. Tare muka fara shiri da aminiyata, nauyinmu kusan ɗaya, amma ita an sa mata rana, ni kuwa aka ce sai na fara ganin likitan ƙwaƙwalwa. Dalili shi ne na faɗi gaskiya: idan raina ya ɓaci, nakan tashi tsakar dare bayan yara sun yi barci, in ɗumama ragowar tuwo in cinye shi a tsaye, alhali ba yunwa nake ji ba, sannan in koma ɗaki ina kuka. Abin ya tsaya mini a rai. Shin mai taɓin hankali aka ɗauke ni?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan ganawar tana cikin shirin tiyatar. Masu zuwa da ƙiba ba halinsu ɗaya ba: akwai wanda kwanonsa ne babba amma cinsa a kan lokaci yake, akwai mai yini yana tsakurar cincin da lemo, akwai kuma wanda baƙin ciki ke tura shi ga abinci har ya kasa tsayawa. A aikin da ake kira sleeve ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, wanda hakan yana hana cin da yawa a zama ɗaya, amma ba ya cire damuwar da ke tashin ki da dare. Idan ba a magance ta ba, mutum yakan koma tsakura kaɗan-kaɗan, musamman kayan zaƙi da na sha, har nauyin ya fara dawowa.

Wata da aka yi wa aikin: Yaya, don Allah kada ki janye maganar da kika faɗa. Ni na ɓoye tawa don ina gaggawa. Makonni biyu na abinci mai ruwa-ruwa kafin aiki, wanda ake yi don hanta ta ragu, ban sha wahalarsu ba. Wahalar ta zo a bikin ƙanwata a Kawo, inda na zauna gaban masa da miyar taushe, loma uku na ƙoshi, zuciyata kuwa ba ta ƙoshi ba. Daga nan na koma shan fura mai suga duk yini, sai daga baya na nemi taimakon da ke ake ba ki tun yanzu.

Wani ɗan'uwa: Hajiya, a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna ana duba masu damuwa da rashin barci, ba masu taɓin hankali kaɗai ba. Ki tafi da maigida, domin shan bitamin har ƙarshen rayuwa, da jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, duk suna buƙatar goyon bayansa. Ki kuma tambayi likita batun azumi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da Baban yara, ya ce ranar Litinin shi zai kai ni da kansa.