Ina so in fara ɗaga ƙarfe a gida, ban taɓa yi ba: ta ina zan kama?

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a Kaduna, shekarata 38, kuma tun ina ɗan shekara 16 nake zaune a kan keken ɗinki. Nauyina kilo 62. Ban taɓa shiga jim ba, ƙwallo ma rabona da ita tun kafin in yi aure.

Abin da ya kawo ni shi ne Baba. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ni ne babba a gida, ni nake ɗaga shi daga gado zuwa kujera safe da yamma, ni nake kai shi banɗaki. Makon jiya na sunkuya na tallafo shi, sai na ji wani abu ya riƙe mini ƙugu, ƙafafuna suka hau rawa. Da ƙyar na kai shi bakin gado. Bai ce komai ba, amma na ga yadda ya kalle ni, ya ji tsoro, kuma tsoron ba don kansa kaɗai ba ne. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ba ƙwanji nake nema ba, ƙarfi nake so. Lokacin zuwa jim babu, daga shago sai wajen Baba. Akwai fili a tsakar gidanmu, daɓen siminti ne, da wata rumfar kwano. Yaran unguwa suna da nasu ƙarfen, bututun ruwa ne aka cusa a gwangwanayen fenti aka zuba siminti. Shin irin wannan ya isa, ko sai na sayi na kanti? Wane motsi zan fara da shi, sau nawa a mako? Mahaifiyarmu kuma ta ce ɗaga ƙarfe yana kawo gwaiwa, ta hana ni tun kan in fara. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Tsohon Ɗan Ƙarfe:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya saka maka da alheri, ƙanena.

Na kai shekara 20 ina wannan abu, kuma goman farko asararsu na yi, domin damtse da ƙirji kawai nake yi kamar yadda na ga ana yi a lungu. Abin da ke ɗaga mutum daga gado cinya ce da ɗuwawu da gadon baya. Damtse riƙo kawai yake yi. Saboda haka motsi huɗu sun ishe ka: tsugunawa da sandar ƙarfe a bayan kafaɗa, wanda 'yan jim ke kira sikwat, ɗago sanda daga ƙasa har ka miƙe tsaye, wato dedlif, tura sanda sama da kai kana tsaye, sai jawo ta zuwa ciki kana sunkuye. Na kwanciya a benci ka bar shi tukuna, zan faɗa maka dalili.

Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, misali Asabar, Litinin, Laraba. Kowane motsi ka yi sau 5, ka huta minti biyu ko uku, ka maimaita har zagaye uku. Dedlif zagaye ɗaya ya isa, yana cin jiki. Duka-duka minti 45 ne. Sirrin yana wajen ƙari: ka fara da nauyin da zai ba ka kunya don rashin nauyi, sanda zalla ma ta yi, sannan duk ranar da ka cika adadinka lafiya, ka ƙara kilo 2.5 a zama na gaba. Sabon shiga jikinsa yana amsa wannan ƙarin har watanni. A turawa sama ƙarin zai tsaya da wuri, kada ya dame ka, haka yake ga kowa.

To ka ga matsalar gwangwanin fenti. Ba ka san nauyinsa ba, ɓangare ɗaya yakan fi ɗaya, kuma ba ka da yadda za ka ƙara kaɗan. Daga 20 sai ka tsallaka 40, a nan ake jin ciwo. Ka nemi ƙananan fayafayai biyu, wato nauyin da ake zura wa sanda gefe da gefe, masu kilo 1.25 kowanne, sun fi manyan amfani gare ka yanzu. Ka sayi littafin ɗinki guda ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga, kamar yadda kake rubuta awon mutane.

A dedlif, sanda ta tsaya saitin tsakiyar tafin ƙafarka, ta kusa taɓa ƙwabri. Ka ja numfashi ka cika ciki, ka ƙanƙame shi kamar wanda za a nausa, bayanka a miƙe, sai ka tura ƙasa da ƙafafu. Kada ka fizga. Sandar ta riƙa gogar ƙafarka tana hawa. Faifan gaske faɗinsa santimita 45 ne, shi ya sa sanda ke tsayawa kimanin santimita 22 daga ƙasa. In naka ƙanana ne, ka ɗora su a kan katako ko bulo su kai wannan tsawon, in ba haka ba dole bayanka ya lanƙwashe. Kuma ka cire silifas. Ƙafa zalla a kan daɓe ta fi duk wani takalmi mai laushi.

Batun benci: mutum shi kaɗai a gida, sanda ta danne masa ƙirji ko wuya, babu mai ɗagawa. An rasa rayuka ta haka. Sai ka samu abin tarewa ko mutum tsaye a kanka.

Kwana biyu bayan zaman farko za ka ji tsamin jiki, har sujada sai ta yi maka wuya. Ba rauni ba ne, yana wucewa, kuma zama na uku ko na huɗu ba za ka ƙara jin irinsa ba.

Mai Walda:

Maigida, tunda a Kaduna kake, ka leƙa Panteka, kasuwar masu walda da ƙere-ƙere. Abin da za ka kashe wa kuɗi shi ne abin ajiye sandar, wato rak. Ƙafafu huɗu na bututu mai kusurwa huɗu, inci 2, kaurin milimita 3, kada ka yarda a sa maka mai laushin da ake ƙofa da shi. A huda ramuka a jere, a sa rodi biyu masu kauri a gicciye, su tsaya ƙasa kaɗan da inda sanda ke kaiwa in ka tsuguna. Ranar da ka kasa tashi, sai ka sauke ta a kansu ka fita ta ƙasa. Ka sa mai waldar ya auna ka a tsugune kafin ya huda.

Sanda kuwa, bututun ruwa fanko ne a ciki, yana lanƙwasa. Ta jim kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, bakinta milimita 50. Akwai ƙarama mai bakin milimita 25, ta fi araha. Ka lura, faifan wannan ba ya zama daidai a waccan, kada ka sayi sanda a wuri ɗaya faifai a wani wuri ba tare da ka gwada ba. Ka auna faɗin rumfar, ka kuma ɗaga hannu sama ka ga ko za ka daki kwano. Na san wanda ya yi a ɗaki ya karya fanka.

Ɗan Layin Dogo:

Ni ban yarda a raina siminti ba. Ba kowa ke da kuɗin faifan ƙarfe ba a wannan zamani. Kankare lita ɗaya kimanin kilo 2.4 ne, galan ɗin fenti mai lita 4 zai ba ka kusan kilo 10. Ka zuba a tsohuwar roba mai faɗi, ka sa guntun bututu a tsakiya da wayar ƙarfe a ciki, ka riƙa yayyafa masa ruwa mako guda. In ya bushe ka kai wa mai sikeli a kasuwa ya auna, ka rubuta nauyin da fenti. Shekara uku ke nan da nawa. A shimfiɗa tsohuwar taya ko katako kawai, don in ya daki daɓe yana ɓarewa.

Maman Yara Uku:

Sannu da ɗawainiya, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina ɗaga ƙarfe a uwar ɗakina da sanda mai kilo 15.

Kafin ka taɓa komai, ka je a auna maka jini. Mahaifinka ya samu shanyewar jiki, kuma hawan jini shi ne babban sanadinta, yana kuma bin dangi. Ɗaga nauyi tare da riƙe numfashi yana ɗaga jini na ɗan lokaci. In an auna ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ka ga likita tukuna. Ba wai an hana ka ba ne, a daidaita shi sannan ka fara. Ƙugun da ya riƙe ka, in ciwon yana sauka ƙafa da mutuwar jiki ko rashin ƙarfi, ko ka ga fitsari yana ƙwace maka, asibiti za ka nufa ranar.

Hajiya mahaifiyarka ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Gwaiwa tana fitowa ne inda bangon ciki yake da rauni, kuma yunƙuri mai ƙarfi yana iya fito da ita. Amma wanne ya fi yunƙuri, sandar kilo 20 da ka shirya mata, ko babban mutum da kake ciccibawa a karkace sau huɗu a rana? Ka faɗa mata haka cikin ladabi. In ka taɓa ganin kumburi a matsematsi, a duba shi tukuna.

Shi kansa ɗaga Baba akwai yadda ake yi. Ka zaunar da shi a bakin gado, ƙafafunsa su taka ƙasa. Kujerar ta kasance ta ɓangarensa mai lafiya. Ka ɗaura masa rawani ko zani a ƙugu ka riƙe nan, ka tokare gwiwarsa mara ƙarfi da taka, ya ɗan sunkuyo gaba, ku ƙirga uku ku miƙe tare. Kada ka ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa cikin sauƙi. Kada kuma ya rataya a wuyanka.

Sai abinci. Mai kilo 62 yana bukatar furotin kimanin giram 100 a rana in yana wannan aiki, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Ka haɗa da wake, awara, nono, busasshen kifi, ƙuli-ƙuli. Duk wanda ya kawo maka ƙwaya ko allura ya ce ta ƙarin jiki ce, ka ce masa a'a. Ina ganin samarin da suka sha irin wannan ƙwaya mai suna deksametason, fuska ta kumbura, sukari ya hau, naman cinya kuwa sai zubewa yake yi.

Telan Tudun Wada:

Na dawo bayan mako shida, Allah Ya saka wa kowa. Jinina 128 bisa 82. An haɗa mini rak, na samu sanda ta hannu, manyan fayafayai kuma na siminti na yi kamar yadda Ɗan Layin Dogo ya ce, ɗaya ya fito kilo 10, ɗaya 10.5, na kankare shi da guduma har suka daidaita. Bayan sallar asuba nake yi, kafin rana ta ɗumama kwanon rumfa.

Sikwat daga 20 na kai 47.5, dedlif 60. Turawa sama ta tsaya a 27.5, sau uku ina gwada 30 tana ƙi. Yaya Tsohon Ɗan Ƙarfe, in rage ne ko in ci gaba da gwadawa?

Hajiya Maman Yara Uku, dabarar rawanin nan tun ranar farko ta yi aiki. Yanzu Baba da kansa yake ƙirga ukun, da bakinsa da bai gama saki ba. Mahaifiyarmu har yanzu ba ta ce ta yarda ba, amma jiya na fito na tarar ta kawar da turmi da kwanuka daga ƙarƙashin rumfa, ta share wurin.