Neman shawara: ɗana ya ƙi sa fuskarsa cikin ruwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Garwa, kusa da kogin Binuwai, inda yaran unguwarmu suke sulalewa zuwa bakin ruwa ba da sanin iyaye ba, musamman a watannin Agusta da Satumba da kogin yake cika. Wannan ne ya sa na sa ɗana mai shekara 8 koyon iyo a wurin ninƙaya na wani otal, sau 2 a mako.

Da farko yana murna, har ya iya harba ƙafa yana riƙe da gefe. A darasi na huɗu sai ya shaƙi ruwa, ya fito yana tari idanunsa jajir, kuma tun daga ranar ya ƙi yarda ruwa ya wuce haɓarsa. Na gwada masa busa kumfa a baho a gida, yana yi lafiya ƙalau, amma da mun isa can sai jikinsa ya hau ɓari. Malaminsa ya ce in bar shi ya huta, ni kuwa damina nake tsoro.

Don Allah, iyaye da malaman iyo, shin in dakata ne, ko in nemi wani malamin da zai riƙa koya masa shi kaɗai?