Farautar zakin dutse a Kolorado: in biya ja-gora ko in sayi karnuka?

Bakatsine_Aurora:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa yi da kansu. Ina zaune a Aurora, jihar Kolorado ta Amurka, kuma ina son fita farautar zakin dutse a sanyin bana, wannan ƙatuwar kyanwar dajin mai doguwar wutsiya da ake ce wa kuga ko fuma. Na yi kwas ɗin koyon farauta, katina yana hannu, na kuma ci jarrabawar da hukumar namun dajin jihar ke sa mutum ya yi a intanet kafin ta sayar masa da lasisin zaki. Barewa na saba harbi, amma wannan ko sawunsa ban taɓa gani ba.

Hanya biyu ce a gabana. Akwai wani ja-gora a yammacin jihar da ya ce dala 6,500, kwana biyar cikin Janairu, da karnukansa da motarsa da abinci da wurin kwana. Rabin kuɗin kafin alƙalami ne, kuma in ba a dace ba, babu mayarwa. Ta biyun, wani abokin aikina zai sayar mini da karnuka biyu a kan dala 2,000, ya ce sun san aiki. Gidan haya nake a hawa na biyu, motata ƙarama ce, hutuna mako ɗaya ne, kuma ba zan iya barin Kolorado ba don maiɗakina ta kusa sauka. Wanne za ku ce in ɗauka?

Ɗan_Salt_Lake:
Wa alaikumus salam. Ka taho Utah kawai. Tun 2023 aka canza doka a nan, lasisin farauta na gama-gari ya ishe ka, kuma duk shekara a buɗe take, ba sai ka jira wani lokaci ba. Me zai sa ka sha wahalar jarrabawa da lissafin adadin zakunan da aka yarda a harba?

Direban_Tirela:
Ai Texas ta fi. Can ko lokacin rufewa babu. Ina bi ta yammacinta da kaya, filin ba ya ƙarewa.

Bakatsine_Aurora:
Na gode, amma na ce ba zan iya fita daga jihar ba. Kuma Malam Direba, kusan duk ƙasar Texas ta masu gonaki ce, sai da izininsu ake shiga.

Baushe:
Ƙanena, ka saurare ni, don abin da kake shirin yi shi na yi a Idaho, har yau kuma raɗaɗinsa bai bar ni ba.

Ni ɗan gidan farauta ne. Kakana a ƙasar Ningi da kare da gora da kwari ya ciyar da gida, don haka da na zo ƙasar nan na ga dazuzzuka, sai jini ya motsa. Wani mutum ya sayar mini da karnuka uku masu dogayen kunnuwa, ya rantse sun kora zaki saman bishiya ba adadi. Na biya shi dala 4,500. Na sayi kwalar GPS ga kowanne da na'urar da ke nuna inda suke, na sayi tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, na sa mata akwatin karnuka da sarƙar taya, na yanki takardar izinin farauta da karnuka, don a Idaho daban ake yankarta.

Aikin ba kamar yadda ake nunawa a bidiyo yake ba. Ƙarfe uku na dare kake tashi bayan an zuba sabuwar dusar ƙanƙara, ka riƙa tafiya a hankali a hanyoyin masu yankan katako, kanka a waje da tocila, kana duba sawun da ya tsallaka hanya. Sai gira ta daskare. In ka ga sawu ka sauka ka durƙusa. Na zaki a zagaye yake, babu alamar farce, kuma bayan tafin dagin yana da ƙullutu uku. Na kare ko na kyarkeci da farce yake fitowa. Duk wannan na koya. Abin da ban sani ba shi ne karnukan nan barewa suke bi. Ina sakinsu a kan sawun zaki, in suka ci karo da na barewa sai su bar wancan. Na kira mutumin, ya ce ni ne ban iya da su ba. Daga nan ya daina ɗaukar wayata.

Guda ɗaya ce ta fara gyaruwa, wata ja da na sa wa suna Tauraruwa. Wata safiya ta ɗauki sawu mai kyau ta haura tsauni, ina jin haushinta yana nisa, sauran biyun sun dawo. Can sai haushin ya canza, ya zama kuka, sannan ya yanke. A na'ura na ga ta tsaya wuri ɗaya. Na ce ko ta kora shi sama. Na hau, ƙanƙara har cinya, sai azahar na isa. Kyarketai ne. Wurin duk an tattake shi, jini ya yi ja a kan fari. Kai da ƙashin baya na tarar, kwalar tana wuya, fitilarta tana ta ƙiftawa. Tun da aka dawo da kyarketai Idaho a 1995 masu karnuka suke cikin wannan fargaba, haushin kare shi ke kiran su. Babu wanda ya gaya mini in duba sawunsu kafin in saki.

Na zuba abin da ya haura dala 15,000 ban taɓa ganin zaki a kan reshe ba. Kuɗin da muka tara na ginin gida ne a Bauchi. Uwargida ta yi wata ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma da gaskiyarta. Kar ka sayi karen kowa.

Maman_Ikram:
Innalillahi. Sannu Baba Baushe, Allah Ya mayar da alheri. A asibitin dabbobi nake aiki, kuma duk sanyi sai an kawo mana irin karnukan nan, wani an tsaga masa kafaɗa, wani tafin ƙafa ya yayyage da ƙanƙara. Ɗinki da kwana ɗaya yana iya cin dala dubu biyu. Sannan Malam Bakatsine, waɗannan ba karnukan ɗaki ba ne. Kukan su yana kaiwa unguwa ta gaba. Mai gidan hayarka ba zai yi mako bai kawo maka takarda ba, ga jariri yana tafe.

Na_Zazzau:
Baushe, Allah Ya ƙara haƙuri, amma dala 4,500 a karnuka uku ai kai ma ka san ba gwanaye aka ba ka ba. Gwanin kare ɗaya da ya ƙware a bin zaki ana sayar da shi fiye da haka.

Ɗan_Salt_Lake:
Wane irin fiye da haka? Maƙwabcina kwikwiyo ya saya dala 300, yanzu shi ne jagaban karnukansa.

Na_Zazzau:
Shekara nawa ya yi yana horar da shi, kuma a bayan tsoffin karnukan wa ya koya? Shi za ka faɗa mana.

Alhaji_Montana:
Ni na bi ja-gora, kuma dala 4,000 na biya, don haka 6,500 ta yi yawa. Ka taya.

Na_Zazzau:
Alhaji, wace shekara? Ni bara na tambayi mutum uku, mafi arha 7,000 ya ce, ban da goron yaran da ke riƙe karnuka, ban da mai gyaran fata. In fatar kawai za a jeme da sauƙi, in kuwa za a cusa ta ta tsaya kamar mai rai, wasu dubban ne.

Alhaji_Montana:
An ɗan jima, kafin korona. Amma ni na harba, kai tambaya kawai ka yi. A bar wanda ya je ya yi magana.

Baushe:
To ni da ban harba ba, ba ni da bakin magana ke nan, Alhaji? Kai an ɗauke ka a babur ɗin ƙanƙara an kai ka gindin bishiya an ce harba. Wannan ba shi ne sanin daji ba.

Alhaji_Montana:
Haba Baushe, ba da kai nake ba. Amma kar ka raina hawan nan. Babur iyakarsa hanya. Daga nan ƙafa ce, a kwazazzabo, iska ba ta isar ƙirji, ga dokar da ta ce ka bi. A Kolorado ma haka take, dole maharbi ya kasance a wurin lokacin da aka saki karnuka, ya bi har ƙarshe, ba a kora zaki sama sannan a kira shi a waya. Da muka isa, yana kwance a kan reshen wani katon icen fir, wutsiya ta sauko, yana kallon karnuka kamar bai damu ba. Harbin kansa ba komai ba ne, tazarar ba ta fi faɗin tsakar gida ba. Abin da ya fi wuya shi ne ja-goran ya sa muka tsaya muna leƙe da madubin hangen nesa har ya tabbatar namiji ne. Namiji yana da ɗigon baƙin gashi a ƙasan gindin wutsiya, kamar tsawon tafin hannu daga nan. Mace ba ta da shi a wannan wurin. Sai da aka bubbuga bishiyar ya miƙe tsaye muka gani.

Maman_Ikram:
Wannan shi ne abin da ke damuna da sababbin shiga. Doka ta hana harbin uwa da ke tare da 'ya'ya, amma uwar takan ɓoye su ta tafi neman abinci, kuma suna dogara da ita fiye da shekara guda. Mutumin da ya biya dubbai, ga rana ta biyar ta zo, ga mace a sama, zai iya cewa a bar ta? Malam Bakatsine, ka tambayi ja-goran nan kai tsaye: in mace muka samu ranar ƙarshe, me za ka ce mini? Amsarsa za ta nuna maka ko wane ne. Maganar nan ce ta kai mutane ga ƙuri'ar hana farautar zaki gaba ɗaya a Kolorado a Nuwamban 2024. Ba ta wuce ba, amma mutanen biranen Denver da Boulder ba su bar zancen ba.

Bagobiri:
Ni mamakina Bakatsine da zaki. Ku da kuka saba da farautar fara a bayan gari? Ka fara da gafiya tukuna, ɗan uwa, mu ga ƙarfin zuciyar.

Bakatsine_Aurora:
Bagobiri, in na samo fatar kai zan fara shimfiɗa wa ka zauna, in ga ko za ka iya. Hajiya, na gode, zan yi masa wannan tambayar. Maganar kyarketai kuma, mu ma an sako mana su a yammacin jihar tun Disambar 2023.

Malam_Almajiri:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Naman fa? Hadisi ya hana cin duk mai haure daga namun daji. Mafi yawan mazhabobi haram suka ce, mashhurin zance a Malikiyya kuma karhanci ne. Dokar Kolorado kuwa ta wajabta a gyara naman zaki don cin mutane, ba a yarda ka ɗauki fata da kai ka bar sauran ba. Sannan malamanmu sun karhanta farautar da babu komai a cikinta sai nishaɗi. In makiyayi ne da zaki ke cinye wa tumaki, wannan daban. Ka tambayi malaminka kafin ka ba da kafin alƙalami.

Alhaji_Montana:
Nawa maƙwabta na rarraba wa, sun yi murna. Fari ne naman. Kowa na ba sai na ce ya dafa shi sosai, don yana ɗauke da tsutsar nan mai shiga tsoka. A 1995 a Idaho mutane sun kwanta saboda wani ya yi kilishinsa bai gasu ba.

Malam_Almajiri:
Bayar da abin da kai ba ka ci ba ma akwai magana a kansa, Alhaji.

Na_Zazzau:
Malam, fatawa muke nema ko shawarar farauta? Kowa da malaminsa.

Direban_Tirela:
Ku bar wannan. Ni abin da ya kore ni daga farauta a yammacin ƙasar nan shinge ne. Taswira ta nuna maka dajin gwamnati, na kowa da kowa, ka je ka tarar wani attajiri ya sayi filin da ke bakin hanya ya sa kwaɗo. Kare kuma bai san iyaka ba. Ya bi sawu ya faɗa gonar mutum, kai ba ka da ikon bin sa sai da izini.

Baushe:
Wallahi ka taɓo inda ke mini ciwo. Ɗaya daga cikin biyun da suka rage ya taɓa shiga wani makeken wurin kiwo. Ina ganinsa a na'ura, bai fi tafiyar minti goma ba. Na ajiye bindiga a mota, na je ƙofar gidan na yi sallama da ladabi. Mutumin ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in bar masa fili ko ya kira 'yan sanda. Bature abokin tafiyata ya je washegari, aka ba shi kofi aka ba shi kare.

Na_Zazzau:
A Wyoming har kotu aka je kan irin wannan. Mafarauta huɗu daga Missouri suka sa tsani suka tsallaka kusurwar da filayen gwamnati biyu suka haɗu, ba su taka ƙasar mai gonar ba, amma ya kai su ƙara. A Maris ɗin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba su gaskiya, kuma Kolorado tana ƙarƙashin wannan kotun.

Direban_Tirela:
Hukuncin kotu daban, mutum da bindiga a bakin shingensa daban. Kai za ka tsaya kana karanta masa shari'a? Ni a Nebraska ko tsayawa sallah a gefen hanyar gona na yi, sai ga mota ta zo ta tsaya a bayana.

Bakatsine_Aurora:
Jama'a, ja-goran ya ce zuwa Juma'a yake son jin amsa, akwai wani a layi. Akwai wanda ya san ko ana yarda a rubuta a yarjejeniya cewa in ba a yi ƙanƙara ba a ɗage zuwa Fabrairu?

Ɗan_Salt_Lake:
Direba, wace hanya ce a Nebraska? Ni ma an taɓa yi mini haka kusa da North Platte, har lambar motata suka ɗauka.