Biskit mai jam a tsakiya: dole sai da botar madara?

Anti Mai Kek: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina nan a kan bakana: biskit ɗin nan da ake manna guda biyu da jam, in ba botar madara aka sa ba, bai yi ba. Awonsa sananne ne: garin sukari giram 100, bota 200, fulawa 300, ƙwaiduwa ɗaya, ɗan gishiri. Kusan sulusin kwaɓin bota ce. In aka musanya ta da majarin, ina ɗanɗanon zai fito?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Anti, a ɗanɗano ban ja da ke ba. Amma a Afrilu fa, a Kano ko Sakkwato? Bota tana narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35, kicin kuwa ya wuce haka. Kafin ki gama murzawa kwaɓin ya yi naso, a tanda kuma ya baje, bakin ya lalace, guda biyu su ƙi haɗuwa daidai. Majarin na gashi irin Simas ya fi jure zafi.

Hajiya Babba: Ku bambanta majarin tukuna. Bota kusan kashi 80 cikin 100 mai ce. Majarin mai laushi na shafa wa burodi yakan fi bota ruwa, ruwan nan kuma shi ke sa fulawa ta yi danƙo, biskit ya fito da tauri maimakon ya ruguje a baki. A duba jikin kwali, in man ya kai kashi 80, zai yi aiki.

Anti Mai Kek: Gaskiya ne Hajiya. Zafi kuwa yana da magani: a murza kwaɓin tsakanin takardar gashi biyu, kaurin milimita 4, a sa a firji minti 30, a yanka yana da sanyi. Kuma kada a yi ta cuɗawa bayan an zuba fulawa, da ya haɗe a tsaya.

Maman 'Yan Biyu: In akwai wuta ke nan. In babu, sai dai a yi aikin da asuba.

Malam Mai Gidan Burodi: Hajiyoyi, a raba rabi bota, rabi majarin, rigima ta ƙare. Abin da ya fi ɓata biskit ɗin ma jam ne. In bai dahu ya kai digiri 104 zuwa 105 ba, ruwansa zai shige cikin biskit ya jiƙa shi. Gwajin: a ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, bayan minti ɗaya a tura da yatsa, in ya tattare ya yi. Nunannen mangwaro da abarba ba sa kamawa da sauƙi, sai an ƙara ruwan lemun tsami an kuma daɗe ana dafawa. Zoɓo da gwaiba suna kamawa da wuri, tsamin zoɓo kuma yana karya maiƙo. Rabin ƙaramin cokali ya isa kowane guda, bayan biskit ya huce sarai.

Anti Mai Kek: Malam, irin wannan biskit na birnin Linz a ƙasar Ostiriya da gangan ake barinsa ya kwana ya ɗan yi laushi.

Malam Mai Gidan Burodi: Laushi daban, jiƙewa daban, Anti. Da damina a ajiye su a rufe ba jam, a manna ranar da za a ci ko a sayar.

Ƙanwar Gida: Anti, man shanu fa?

Anti Mai Kek: Soyayyen ba ruwa a cikinsa, kwaɓin zai yi ta warwarewa. Ki sa giram 165 da madara babban cokali 2 a madadin bota 200, kuma ki bari ya daskare kafin ki buga shi da sukari. Ƙamshinsa yana da ƙarfi, ya fi dacewa da zoɓo.

Hajiya Babba: Ko wanne aka zaɓa, tanda digiri 170, minti 10 zuwa 12, da gefe ya fara ja a fitar. Na sama masu huda a tsakiya sun fi saurin gasuwa, a ba su tirensu daban.

Maman 'Yan Biyu: Na yarda da bota a hunturu, Anti. Da bazara kam, rabi da rabin Malam zan bi.