Na karanta Bayoloji, zan iya shiga nazarin bayanan ƙwayoyin halitta da kwamfuta?

Ɗan_Fagge: Salam jama'a. Na gama digiri a Bayoloji, ina sha'awar aikin masu koya wa kwamfuta gano cuta daga bayanan DNA, amma wallahi lissafi yana ba ni tsoro. Ta ina zan fara?

Yaya_Zariya: Ƙanina fara da kididdiga tukuna, sannan R ko Python, wato harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su. Matsalar bayanan halitta ita ce kana da ƙwayoyin gado wajen 20,000 amma marasa lafiyan da aka auna ba su fi hamsin ba, sai kwamfutar ta haddace su kawai kamar ɗan makaranta, ka kawo mata sabon mutum ta rikice. Ni haka na ɓata wata uku ina murna da sakamakon banza.

Malama_Damagaram: Bayanai kyauta suna nan a shafin NCBI, cibiyar adana bayanan halitta ta Amurka, sauke ka gwada. Kuma fannin ba wasa ba ne, Hassabis da Jumper, masu AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, sun samu Nobel a 2024.

Ɗan_Fagge: Na gode yaya. To laftop mai 8GB zai ɗauka?

Yaya_Zariya: Zai ɗauka mana, wutar NEPA ce dai matsalarka.